MAGANIN DA BA NA SAYARWA: 'YAR NATSUWA TSAKANIN AIKI DA AIKI

   Allah Ya sa albarka a abin da aka girbe, Ya tsare mana shi daga ɓarawo da ƙwaro da gobara.

Yau babu sassaƙe, babu saiwa, babu abin jiƙawa. Wanda ya buɗe saƙon nan don ya ga "a samo kaza a haɗa da kaza", ya yi haƙuri ya karanta zuwa ƙarshe, don maganin yau ya fi wasu da nake ƙullawa a leda amfani, kuma ko sisi ba ni samu a kansa.

Tun da aka fara karyar masara, masu zuwa wurina kukansu kusan iri ɗaya ne. Malam, kaina kamar ana sara. Malam, mantuwa ta yi min yawa. Malam, gabana na faɗuwa ba dalili. Malam, 'yan kwanakin nan abu kaɗan sai in hau yara da faɗa. Kowa kuma da nasa tafsirin ya zo: wannan ya ce sammu ne, wancan ya ce kambun baka, wata ta ce aikin kishiya ne. Ni ban musanta akwai sihiri da kambun baka ba, nassi ya tabbatar da su. Amma kafin in auna wa mutum komai, tambaya ɗaya nake masa: tun da ka sallame sallar asuba yau, sau nawa ka zauna ba ka yin komai, ko da na minti uku ne, kuma babu waya a hannunka? Wallahi mafi yawa sai su yi shiru. Wani ya yi dariya, ya ce Malam ina na ga ta zama?

Kwanakin baya wani bawan Allah daga wani ƙauye ta wajen Rogo ya tsaya a ƙofar gidana, ko kashe babur bai yi ba. Ya ce in taimaka in duba masa wanda ya ɗauke masa kuɗin waken suya da ya sayar, don a gidansa suka ɓata, kuma zuciyarsa ta tsaya a kan ƙanin matarsa da ke zaune wurinsu. Na ce masa ni ba na duba, haramun ne, kai ma kada ka ƙara nema. Ya ce to a ba shi na mantuwa, a miƙo masa ta nan, sauri yake. Na ce sai ka sauko. Ya sauko yana ƙunƙuni. Na sa shi a tabarma, na sa yaro ya kawo masa ruwa, ni kuma na shiga ciki na ƙi fitowa da gangan. Ban fi minti biyar ba na ji yana ƙwala min kira. Na fito na same shi ya dafe kai yana salati. Ashe ranar da ya karɓi kuɗin, daga kasuwa gona ya wuce kai tsaye don 'yan aiki na jiransa, ya tuɓe rigarsa ya cusa a buhun da yake zuba igiya da lauje, daga can aka kira shi wai injin niƙansa ya tsaya, ya tafi da 'yar shara a jikinsa. Kuɗin na nan cikin aljihun rigar, cikin buhun, a rataye a rumbu. Kwana uku yana gaba da matarsa a kan abin da hannunsa ya ajiye.

Ban ba shi komai ba ranar. Tabarma ce ta yi masa magani.

Duk wanda ya yi makarantar allo ya san wannan. In ka biya karatunka malam ya ce ka wanke, ba ka ɗaukar alƙalami nan take. Sai ka jingine allon ya sha iska ya bushe. Yaron da ya yi gaggawa ya yi rubutu a kan ɗanyen allo, tawada za ta malale, baƙi ya shiga cikin baƙi, ba a gane ba da ta, ƙarshe sai ya sake wankewa, ga kuma bulala. To zuciyar ɗan Adam haka take. Ka gama ciniki a kasuwa, ragowar cinikin bai bushe ba ka hau babur. Ragowar hanya ba ta bushe ba ka shiga gona. Faɗan 'yan aiki bai bushe ba ka kabbarta sallah. Shi ya sa kake raka'a ta uku kana lissafin buhu, ka rasa uku ka yi ko huɗu. Kai kana ganin ƙwaƙwalwarka ce ta lalace. Lafiyarta ƙalau, a jiƙe kake ta rubutu a kanta tun safe.

Masu bincike na zamani sun iso wurin nan su ma. Wata malamar jami'a a Amurka mai suna Sophie Leroy ta fitar da bincike a shekarar 2009, inda ta nuna cewa in mutum ya tashi daga wani aiki ya kama wani, hankalinsa ba ya tasowa gaba ɗaya, wani yanki yana maƙale a na farkon, musamman in bai kammala shi ba, kuma hakan na rage kyawun aiki na biyu. Daga baya a 2018 ita da wata abokiyar aikinta suka nuna cewa in mutum ya ɗan tsaya ya rubuta inda ya kwana da abin da zai yi in ya dawo, hankalin yakan saki na farkon ya kama na biyun. Na ji daɗin wannan bincike, amma bai ba ni mamaki ba. A cikin Sahihu Muslim, Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta ruwaito hanin yin sallah alhali an ajiye abinci, ko mutum yana matse da fitsari ko bayan gida. Imamul Buhari kuma ya kawo maganar Abud Darda'i cewa yana daga fahimtar mutum ya fara biyan buƙatarsa, don ya fuskanci sallarsa da zuciya wadda babu komai a cikinta. Ka ga sallah, wadda babu abin da ya kai ta girma bayan shahada, an ce ka ɗan jinkirta ta har allonka ya bushe. Ina ga awon hatsi, ina ga tuƙi, ina ga hukunci tsakanin matanka?

Mu tsaya a kan sallar tukuna, don a nan ne abin ya fi ba ni tsoro.

Wanda ya karanta Ahalari ko Ishmawi tun yana yaro ya haddace cewa cikin farillan sallah akwai daidaito da ɗuma'nina. Mece ce ɗuma'nina? Ita ce gaɓoɓinka su natsu, su zauna wuri guda na ɗan lokaci, a ruku'u, da bayan ɗagowa, da sujada, da zaman da ke tsakanin sujada biyu. Wato kada ka haɗa rukuni da rukuni kamar kaza na tsattsagar dawa. Kun san labarin mutumin da ya shigo masallaci ya yi sallah a gaban Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, aka mayar da shi har sau uku cewa bai yi sallah ba. Buhari da Muslim duk sun kawo shi. Mutumin nan ya yi ruku'u, ya yi sujada, babu wanda ya tsallake. Da aka zo koya masa, abin da aka yi ta nanata masa a kowane rukuni shi ne ya tsaya har ya natsu. To in sallah ba ta tsayuwa sai da 'yar natsuwar nan, don me kake zaton yininka zai tsayu babu ita?

Kuma ba a cikin sallar kaɗai ba. A Muslim akwai hadisin Mu'awiya da ya hana a sadar da sallah da wata sallah har sai mutum ya yi magana ko ya gusa daga wurin. Farilla da nafila, duk ibada ne, amma an ce a sa tsakani. Sallar asham da muke yi da azumi, sunanta na Larabci tarawihi, daga hutawa aka samo shi, saboda magabata sukan zauna su huta bayan kowace raka'a huɗu. Mai tahowa masallaci an ce ko an tayar da iƙama kada ya zo a guje, ya zo cikin natsuwa, abin da ya samu ya yi, abin da ya kuɓuce masa ya cika. Bayan sallama kuma ga istigfari sau uku, ga tasbihi da tahmidi da kabbara talatin da uku-uku. Na taɓa aunawa da agogo: in ka yi su a tsanake, minti biyu zuwa uku ne. Sau biyar a yini. Amma je ka masallacin bakin kasuwa ka gani, liman na cewa assalamu alaikum, wani har ya sa takalmi ƙafa ɗaya, hannu na cikin aljihu yana laluben waya. Ban ce haramun ya yi ba, sallarsa ta yi. Na ce dai an ba shi magani kyauta ya zubar a ƙofar masallaci, sannan ya zo wurina da kuɗinsa yana neman na faɗuwar gaba.

A nan sai in ja kunne. Kada wani ya fahimce ni a karkace ya mayar da sallah motsa jiki ko dabarar kwantar da jini. Sallah don Allah ake yinta, zikiri don Allah ake yinsa. Hutun da jiki ke samu gyara ne da ake ɗora wa mai sayen hatsi a kan mudu, ba shi aka zo saye ba.

Yanzu mu zo ƙofar gida, kai maigida, don kai na fi nufi da saƙon nan.

An tambayi Nana A'isha da me Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, yake farawa in ya shigo gida, ta ce da asuwaki. Yana cikin Muslim. In kuma daga tafiya ya dawo, Ka'abu ɗan Malik ya ba da labari cewa da masallaci yake farawa, ya yi raka'a biyu, ya zauna. Duba da kyau. Tsakanin waje da iyali akwai wani ɗan abu da ake yi. Kakanninmu ma da suka gina gidajen ƙasa sun san da haka, ko ba su faɗa ba. Ga dakali a waje, ga zaure, wani gidan har da shigifa, kafin ka ga tsakar gida. Mutum zai zauna a zaure ya kaɗe ƙura, ya gaisa da na gaisawa, yaro ya kawo masa ruwa a buta, zafin rana da zafin kasuwa su sauka, sannan ya yi sallama ya shiga. Yanzu an yi get, da babur ake shiga har bakin murhu. Wanda ya ci maka mutunci a kasuwa yana can ya manta da kai, amma fushin nasa ka goyo shi a bayan babur ka kawo gida, ka sauke a kan matar da tambayarka kawai ta yi ko ka tuna da gishiri.

Ni da ake kira sulhu, na sha ganin wannan. Sakin da yawa da ake zuwa ana neman a yi masa fatawar komawa, in ka bi diddigi, a cikin mintunan farko na shigowar maigida aka furta shi, ko takalmi bai cire ba. Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya hana alƙali ya yi hukunci tsakanin mutum biyu yana cikin fushi. Kai kuma alƙali ne a gidanka, ba ka da muhuti, ba a ɗaukaka ƙara. A Sunanu Abi Dawud an koya wa mai fushi in yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kishingiɗa. Ni kuwa shawarata, kada ka jira fushin ya zo. Kullum in ka dawo, kashe babur a waje. Zauna a dakali ko kan dutse, minti uku. Wanke fuska. Ka ce wa ranka: kasuwa ta tashi, waɗanda ke ciki ba su ci min komai ba. Sannan ka yi sallama.

Likitoci na da bayanin abin da ke faruwa a jiki. In mutum na cikin gaggawa ko ɓacin rai, jiki na sakin wasu sinadarai da ke sa zuciya ta ƙara bugu, jijiyoyin jini su tsuke, tsokar wuya da kafaɗa ta ɗaure. Rahama ce daga Allah, don da ita kake tsere wa maciji. Amma an yi ta ne ta hau ta sauka. In ba ka ba ta wurin sauka ba, ta aikin farko na nan ta biyu ta hau kanta, har dare, ka kwanta ido biyu. Kun lura a asibiti in za a auna hawan jini, ƙa'ida ita ce mutum ya zauna shiru kamar minti biyar kafin a ɗaura masa abin awo? Don sun san zaman minti biyar kaɗai na canza lambar da za ta fito.

Abin da ke ba ni haushi shi ne mun san wannan ilimi sarai, amma a kan dabba da ƙarfe muke aiki da shi. Mai shanun huɗa in sun kai ƙarshen kunya yakan bar su su ja numfashi kafin ya juya su, in hantsi ya yi zafi ya kwance su ya kai inuwa. Masu noman rani a bakin dam ɗin Challawa, wanda aka gama tun 1992, babu wanda zai bar injin ban-ruwansa ya yi ta aiki har ya ƙone, da ya ji ya ɗau zafi zai kashe shi ya huce, don ya san kuɗin gyara. Direba na tsayawa ya zuba wa lagireto ruwa. Amma shi mai sa, shi mai injin, shi direban, ba ya kashe kansa ya huce. In jikin ya yi ƙara, sai a toshe masa baki da farasitamol, ko a kai ga tiramadol. Ku ji tsoron Allah a kan ƙwayar nan, matasa. Ba ta cire gajiya, ɓoye ta take yi, ga kamu, ga jijjiga irin ta farfaɗiya da take jawowa. Gajiya ɗan aike ce, an aiko ta ta ce maka tsaya. Kai kuma ka kama ɗan aiken ka ɗaure.

Masu injin casa, da injin niƙa, da injin matsar rake na mazarƙwaila, ku saurara. A shekarar 2003 mujallar likitoci ta Lancet ta buga wani bincike da aka yi a wata masana'antar haɗa motoci a Birtaniya, inda ake ba ma'aikata hutu bayan kowace awa biyu. Da aka duba lokutan da haɗari ke faruwa, sai aka ga a rabin awar ƙarshe kafin hutu haɗarin ya ninka na rabin awar farko, in an huta an dawo kuma sai ya sauka. Wannan fa masana'anta ce mai kariya iri-iri. Ina ga injin da bel ɗinsa ke waje, mai tura rake da hannu yana sanye da riga mai faɗin hannu? Ni an sha kawo min yatsun da inji ya taɓa ana neman abin ɗauri, in tura su asibiti, kuma in na tambaya, da wuya ka ji an ce da sassafe abin ya faru. Kusan kullum sai an ce saura kaɗan a tashi. A can ƙasashen Nikaragua da El Salbado kuma, ciwon ƙoda ya kashe dubban masu saran rake, kuma abin da aka ga ya rage cutar da ƙodarsu ba wata allura ba ce: ruwan sha ne, da inuwa, da hutu a kan lokaci. Mu ma rake muke sara, mu ma rana muke sha.

Na san abin da wani zai ce. Malam, kai kana zaune a inuwa kana ƙulla magani, mu jinga muka ɗauka, in ba mu gama ba ba a biyanmu, talaka ba shi da hutu. Maganarka na da ƙamshin gaskiya, ba zan raina ta ba. In hadari ya haɗo ga shanya a ƙasa, babu zancen zama, a kwashe tukuna. Amma ba kullum hadari ke haɗowa ba. Yi lissafi da ni: tsayawa biyar a yini, kowace minti uku, minti goma sha biyar ke nan. Auna su da kwana ukun da mutumin can ya yi yana neman kuɗin da ke rumbunsa. Auna su da awon da ka maimaita don ka manta mudu nawa ka zuba, da canjin da ka bayar ya wuce, da yatsa guda. Zafin nema ba ya kawo samu. Kai kuma mai gona da ka ɗauki 'yan aiki, nauyin a wuyanka yake. Hadisin Abu Zarri a Buhari ya hana a ɗora wa na ƙarƙashi abin da ya fi ƙarfinsu. In ka ga sun zauna shan fura kada ka tsaya a kansu kana duba agogo.

Wani ɗalibi kuma ya taɓa kawo min hujja da ƙarshen surar Alam Nashraha, ya ce ai an umarci Annabi in ya gama wani abu ya kama wani, ina wurin hutu a nan? Na ce ya koma tafsiri. Abin da aka ruwaito daga Ibnu Abbas shi ne in ka gama sallah ka dage da addu'a. Daga Mujahid kuma, in ka gama sha'anin duniyarka ka miƙe ga sallah. Duka biyun komawa ga Ubangiji ne bayan an kammala, babu wanda ya ce daga buhu sai buhu. Kuma wanda aka saukar wa surar shi ne ya ga igiya a ɗaure a masallaci, aka ce ta Nana Zainab ce, tana riƙewa in ta gaji da tsayuwar dare, ya sa aka kwance ta, ya ce mutum ya yi sallah gwargwadon nishaɗinsa, in ya gaji ya zauna. Shi ne ya gaskata Salmanul Farisi lokacin da ya gaya wa Abud Darda'i cewa ransa ma yana da haƙƙi a kansa. Abdullahi ɗan Mas'ud ranar Alhamis kawai yake wa mutane wa'azi, aka roƙe shi ya riƙa yi kullum ya ƙi, don gudun kada su ƙosa, ya ce haka Annabi yake musu.

Sai dai kada malalaci ya samu lasisi a bakina. Zaman teburin mai shayi daga hantsi zuwa azahar ana gulmar 'yan siyasa, wannan ba shi nake nufi ba. Natsuwar da nake faɗa tana da farko tana da ƙarshe, kamar zaman tsakanin sujada biyu: in ka zarce a cikinsa ma ka ɓata tsarin.

Babban ɓarawon wannan natsuwa a zamaninmu kuwa yana aljihunka. Dā, ko mutum bai yi niyya ba, yini na ba shi 'yan ramukan hutu: jiran mota ta cika, jiran a auna, jiran tukunya ta tafasa, tafiyar ƙafa daga gona zuwa gida. Yanzu duk ramin da ya buɗe sai waya ta cike shi. Ka zauna da sunan hutu, ka buɗe WhatsApp, ga bidiyon 'yan bindiga, ga farashin taki, ga wanda ya zagi malaminka, ga mai binka bashi. Ka tashi ka fi yadda ka zauna gajiya. Hutun jaki da kaya a ka ke nan. Har da saƙon nan nawa: in a tsakiyar aiki ya same ka, ajiye shi, ba ya tsami, ka karanta bayan isha'i.

Ke kuma uwargida, ban manta da ke ba, na san a gidaje da yawa ke ce ba ki da ko dakalin. Daga asuba hura wuta, kunun yara, shirin makaranta, shara, wanke-wanke, ga abincin 'yan aiki da za a kai gona, ga ɓarar gyaɗa, ga goyo a baya, in an ce ki zauna sai ki ga kamar zunubi ne. Ba zunubi ba ne. In kin sauke tukunya, kafin ki ɗora wata, gusar da mai zafin inda yaro ba ya kaiwa, ki zauna a kujera 'yar tsugunno, ki sha ruwa, ki miƙe ƙafa. Ƙunar yara da ake kawo min, da yawa a lokacin da uwa ke riƙe da aiki uku a hannu biyu take faruwa. Nana Faɗima, 'yar Manzon Allah, dutsen niƙa ya yi wa hannunta kanta har ta je neman mai taimako, aka koya mata tasbihin kwanciya barci. Mata sun san wannan labari, ana yawan gaya musu. Abin da ba a cika gaya wa maza ba shi ne Nana A'isha ta ce Annabi a gida cikin hidimar iyalinsa yake. Maigida, karɓi yaron nan minti goma ta yi sallarta da ɗuma'nina. Rawaninka ba zai faɗi ba.

Ga yadda nake haɗa wa masu zuwa wurina. In ka gama aiki, kafin ka taɓa na gaba, ce alhamdu lillahi da bakinka, don zuciya ta ji an rufe wancan. In bai ƙare ba, rubuta inda ka tsaya a takarda, da boko ko da ajami, ko ka gaya wa yaronka ya riƙe maka. Kife waya. Zauna, in da hali a inuwa. Sha ruwa a zaune, kana cire baki daga kofi kana numfashi har sau uku kamar yadda sunna ta koyar. Sannan ja iska ta hanci a hankali, ka sake ta a hankali fiye da yadda ka ja ta, kamar sau biyar ko shida, don fitar da numfashi a tsanake na rage gudun zuciya. Sassauta kafaɗa da haƙora, da yawanku kuna cije da su ba ku sani ba. In akwai ruwa kusa yi alwala. Daga nan ambaci aikin da za ka shiga, shi kaɗai, ka yi bismilla ka tashi. Da rana kuma, wanda ya samu dama ya yi ƙailula, ko da ta minti ashirin ce. Sahabbai sun san ta, suratun Nur ma ta ambaci lokacin tuɓe tufafi da tsakar rana cikin lokuta ukun da ake neman izini kafin a shiga wa mutum. Kada dai ta yi tsawo har ta cinye barcin dare.

A yi wannan kwana bakwai kafin a zo a ce min a ba da na mantuwa. In an yi bai wadatar ba, ƙofata a buɗe take, akwai abin da za a ƙara.

Amma a kiyaye, kowane magani da iyakarsa. Wanda likita ya ɗora a kan maganin hawan jini ko na suga, kada ya ajiye shi ya ce Malam ya ce zama ya isa, ban faɗa ba. Wanda bai taɓa auna jininsa ba kuma ya haura shekara arba'in, ga ciwon kai ya ƙi tafiya, ya je a auna, don hawan jini ba ya sallama. In kuwa aka ga baki ya karkace, ko hannu da ƙafa na ɓari guda sun saki, ko magana ta sarƙe, ko ƙirji ya ɗaure kamar an ɗora dutse har zafin na tafiya hannu, ko ciwon kai ya sauko farat ɗaya irin wanda ba a taɓa ji ba, to ba a zama, ba a jiƙa komai, ba a biyowa ta wurina. A nufi asibitin Ƙaraye ko na Rogo, wanda ya fi kusa, a lokacin, ko da tsakar dare ne. Haka wanda baƙin ciki ya danne shi sama da mako biyu, ba ya cin abinci, ba ya barci, har yana jin gara ya mutu: a yi masa addu'a, a kuma kai shi ga likita, akwai masu wannan fanni a Dawanau da asibitin Malam Aminu Kano, kuma zuwa can ba abin kunya ba ne.

Masu tambaya a kan zoɓo da hawan jini, na ga saƙonninku, in sha Allahu shi za mu ɗauka a karo na gaba, da bayanin waɗanda bai kamata su yawaita shi ba. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan iyayenmu.